Yunwar Madan Sesil

Da sunan Allah nake farawa, shi ke saukar da ciwo, shi ke ɗauke shi. Kwanan baya na je duba 'yar ƙanena da ta tashi daga zazzaɓin hanji, na tarar an ajiye mata kwanon shinkafa da soyayyen kifi, uwarta na gefe tana murna wai yarinya ta fara neman abinci. Na ɗauke kwanon na ce a tambayi likita tukuna. Suka ce tsufa ya fara taɓa ni. To ga abin da ya sa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina da ƙuruciya, da goyon ɗana na fari, Garba, muna zaune a Gaya cikin gidan su maigidana, mai fataucin gishirin Foga. A ɗakunan ƙofar gida akwai 'yan haya, Mushe Anton malamin lakwal, wato makarantar boko, da matarsa Sesil, da 'ya'yansu biyu. Mutanen Dahome ne, daga can kudu bakin teku, Kiristoci. Duk unguwa Madan ake ce mata. Tela ce, ta girme ni, ta ji Hausa har tana faɗa da masu kifi da ita. Ranar da naƙudar Garba ta kama ni, ita ta riƙe ni kafin ungozoma ta iso.

Ciwon ya fara mata da kai. Ta daina taka keken ɗinki, ta ce ƙararsa na shiga mata ƙwaƙwalwa. Da safe sai ta tashi kamar ba komai, da la'asar jiki ya ɗau zafi, kuma zafin kowace rana ya ɗara na jiya. Muka ce masassara ce. Mushe ya sayo kinin. Inna, uwar maigidana, ta dafa ganyen dogon yaro da na sabara aka yi mata sirace, ta yi gumi har zaninta ya jiƙe. Washegari zafin ya dawo fiye da da. Harshenta ya yi fari, leɓɓanta suka tsage, ta koma kwanciya tana kallon rufin ɗaki.

Ana cikin haka rigima ta tashi tsakanin gwamnatinmu da tasu. Mu mata ba mu san kanta ba, an dai ce a kan wani tsibiri ne na cikin gulbi. Sai muka wayi gari ana cewa mutanen Dahome su koma ƙasarsu. Manyan motoci suka yi ta gangarowa daga Yamai da Doso, shaƙe da mutane da katifu da tukwane, suna wucewa zuwa gadar da ta haɗa mu da ƙasarsu. Mutanen da jiya ake gaishe su da girma a buro, wato ofishin gwamnati, ga su zaune bisa ƙunshin kaya, yara na kuka. Shi ma Mushe Anton aka ba shi ɗan wa'adi.

Madan ko zama ba ta iya yi. Maigidana ya nemo amalanke muka kai ta likita, wato asibiti. Mun tarar da layi tun daga baranda har gindin bishiya, domin yawancin masu allurar 'yan can ne, sun tafi, an bar Majo, wato babbansu, da mataimaki guda. Sai bayan azahar muka samu shiga. Majo ya sa mata ɗan gilashin awon zafi, ya danna cikinta, ya duba harshenta, ya ɗago ya dubi Mushe.

"Tifoyid ce," in ji shi. Ban taɓa jin kalmar ba, kuma ban sake mantawa da ita ba. "In ka ɗora ta bisa mota a haka, gawarta za ka sauke."

Majo da kansa ya je wurin Kumandan, mai mulkin garin, ya roƙa, aka yarda ta zauna har ta iya tsayawa, amma ita kaɗai. Ranar tafiya Mushe ya zo da yaran suka tsaya a bakin gadonta, ba ta ma gane su sosai ba. Ya fito ya kama hannun maigidana da hannu biyu.

"Malam, ban da kowa a nan sai ku. Amana ce."

"Allah ya ba mu ikon riƙewa," in ji maigidana.

Suka haye. Bayan kwana kaɗan aka rufe gadar, ba shiga ba fita.

A makon farko na kwanciyarta ban zauna da ita ba. Garin ya cika da tsoro, ana cewa ana lura da duk mai hulɗa da mutanen ƙetare. Maigidana ya ce, "Rabi, ki tafi da hantsi ki gaishe ta, ki dawo kafin azahar. Kada ki zauna a riƙa ganinki." Inna kuwa cewa ta yi, "Ciwon hanji hannu yake bi. Ke da mai shan nono a baya, me ya kai ki?" Ƙwayoyin da Majo ya rubuta babu su isassu a likita, sai da maigidana ya ba wani direba sautu daga Doso, kuɗin ya cinye ribar tafiya guda ta gishiri. Ni kuma ina zuwa in shafe mata jiki da ruwa, in wanke mata zani, in gudo.

A likita kowa danginsa ke kawo masa abinci. Wanda ba shi da kowa, matafiyi ko baƙon da ciwo ya kayar a hanya, akwai tukunya guda da ake ɗora musu sau ɗaya a rana, mutane na ce mata tukunyar baƙi. Wani tsohon soja, Baba Sanda, shi ke dafa ta a rumfa bayan ɗakin mata. Yau shinkafa da wake, gobe tuwon dawa da miyar kuka mai barkono, jibi a koma shinkafa da wake. Da mijinta ya tafi sai aka lissafa Madan cikin masu cin tukunyar. Majo ya ce mata ruwa-ruwa kawai, amma Majo mutum ɗaya ne da gari guda a kansa, maganar ba ta kai rumfa ba. Ni ma kunun da nake kawowa ina ajiyewa ne in tafi, ban san ko ta sha ba. Kullum ina tarar da kwanon Baba Sanda a ƙasan gado, ba a taɓa ba, ƙudaje sun rufe shi.

Wata safiya na tarar an ci rabin kwanon. Har na fara murna. Da na ɗaga zaninta in canja, sai na ga jini, baƙi ƙirin, ya jiƙa tabarmar roba. Hannuwanta sun yi sanyi, goshinta na tsatstsafo da gumi. Na fita da gudu ban ko ɗaura ɗankwali daidai ba, na kutsa cikin layi na kamo rigar Majo.

Ya zo ya duba, ya ga kwanon, ya sa aka kira Baba Sanda. Bai ɗaga murya ba, amma gara da ya ɗaga.

"Ku saurara ku biyu. Hanjin matar nan duk gyambo ne ta ciki. Abu mai tauri in ya bi ta wurin, gurzawa yake yi, yau ga jini. In ya ƙara, hudawa zai yi. In ya huda sai fiɗa, kuma mai fiɗa yana Yamai. Ba za ta kai ba."

Baba Sanda ya sunkuyar da kai. "Majo, tukunya ɗaya gare ni, buhu ɗaya. Ban iya dafa wa kowane ciki nasa. Na ga ta buɗe ido ne, na ce bari in ba ta ta samu ƙarfi."

Majo ya juyo gare ni. "Ke ce wa a wurinta?"

"Maƙwabciya."

"To in maƙwabciya ba ta zauna ba, ba ta da kowa. Kunu tsararo, a tace shi, a tafasa ruwan. Cokali-cokali, tun safe har yamma. In kin taɓa ta ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ɗanki."

Na koma gida na faɗa wa maigidana a gaban Inna. Ya ce, "Mutum ya kama hannuna ya ce amana. Ki zauna." Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Amma daga ranar, duk yamma in na dawo, ina tarar da ita a zaure da ruwan zafi da toka da sabulu. Ba ta barina in shiga gida sai ta ga na goge hannu har gwiwa na canja zani, tana yi tana mita. Garba kuma a bayanta yake yini, ana kawo mini shi ya sha nono a gindin bishiya, nesa da ɗakin.

Mako na uku shi ne mafi muni. Madan ta fita hayyacinta. Idonta a buɗe amma ba ni take gani ba, yatsunta na ta tsintar zaren bargo. Hausar da ta iya ta ɓace mata ƙaf, har Faransancin, ta koma yaren garinsu, tana magana da mutanen da ba sa nan. Na dama kunun hatsi, na tace shi sau biyu, na kai bakinta, ta datse haƙora. Na gwada na tsamiya, ta kawar da kai. Na gwada ruwan shinkafa, ya gangaro ta gefen baki. Ƙwayar magani ma sai mun danne ta ni da mataimakin Majo. Ina kallo tana ƙarewa, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Abin da ke cin raina shi ne, in ta mutu wa zai yi mata sutura irin tasu, a ina za a sa ta, kuma da wane baki za mu gaya wa Mushe da gada a rufe.

Akwai kalma guda da take ta maimaitawa. Wata rana Baba Sanda ya zo karɓar kwanonin wasu, ya tsaya ya kasa kunne.

"Akasa take cewa. Na yi soja a can bakin teku, na san shi. Ƙullun masara ne mai tsami, suna dafa shi su naɗe a ganye, irin kafa. In an tsinka shi da ruwa kunu ne. Da shi ake yaye yaransu."

Masara a lokacin ta yi wuya, domin yawancinta ta gada take shigowa. Na zaga kasuwa ban samu ba. Inna ce, wadda ke cewa me ya kai ni, ta aika ƙauyen Tunuga wurin ƙanenta manomi, aka kawo 'yar ƙwarya guda. Ita ta jiƙa ta, ta niƙa a dutse, ta tace, ta bar ƙullun ya kwana biyu har ya yi tsami. Da na dama shi tsararo na kai, tun kafin cokali ya isa, hancin Madan ya motsa. Ta buɗe baki. Ta sha cokali uku ta yi barci. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar gadon.

A cikin makon ne wani jandarma ya zo duba baƙin da ke kwance. Ya tsaya a kanmu da hularsa a hammata, ya tambayi sunana da na mijina da unguwarmu. Ya tambaya ko mijin Madan na aiko da saƙo. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa, amma na ji kamar ƙarya nake. Washegari aka kira maigidana buro tun da hantsi. Azahar ta yi bai dawo ba. Inna ta zauna a zaure da carbi, ni kuma na kasa haɗa ido da ita. Sai da la'asar ya shigo.

"Tambayata suka yi ko ina da mai jirgin da ke haye mini gulbi. Na rantse musu. Sun sallame ni." Ya sha ruwa. "Amma sun ce ranar da Madan ta taka ƙasa da ƙafarta, ta bi mijinta."

Ba a rufa kwana biyu ba Garba ya wayi gari da zafin jiki. Ya ƙi nono. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina tsaye cikin layi da shi a kafaɗa ina lissafa duk lokacin da wataƙila na manta sabulu, ko na share masa hanci da gefen zanin da na zauna da shi a ɗakin. Inna na bayana, tana cewa a hankali, "Na faɗa. Allah ya sani na faɗa." Majo ya danna cikinsa, ya leƙa bakinsa, ya ce masassarar sauro ce ga kuma haƙori na fitowa, ya ba shi magani. Ban yarda ba sai da zafin ya sauka a rana ta uku. A kwanakin nan Baba Sanda ne ya riƙa ba Madan kunun, yana zaune bisa kujera 'yar tsuguno da cokali a babban hannunsa.

Azumi ya kama, zazzaɓinta ya fara sauka. Wata safiya ta dube ni ta ce da Hausa, "Rabi, ina yarana?" Na yi ta kuka ina dariya. Na ɗauka mun fita. Majo ya kira ni baranda ya ce, "Yanzu ne za ki sa ido. Zafi ya tafi amma gyambon bai warke ba. Yunwa za ta zo mata irin wadda ba ki taɓa gani ba."

A ɗakin maza akwai wani saurayi masunci, Bakari, da ya gangaro da jirgi daga ƙasar Mali, irin ciwon nan ya kayar da shi a Gaya. Shi ma ba shi da kowa. Tun da Majo ya yi magana, Baba Sanda na dama masa kunu daban a 'yar tukunya, da hatsin da yake roƙa wurin masu jinya. Bakari ya riga Madan samun sauƙi, har yana fitowa baranda yana ba yara dariya da 'yar Hausarsa. Da yake azumi ne, gidajen masu hali na aiko da sadakar buɗa-baki domin baƙi. Wata yamma aka kawo babban akushi na ƙosai da soyayyen nama daidai lokacin da Majo da Baba Sanda suka tafi sallar magariba. Masu kawowa suka bi gado-gado suna rabawa da kyakkyawar niyya. Ni ina nan, na tare su a ƙofar ɗakin mata. Bakari ba mai tare masa.

Da safe na tarar da shi yana birgima. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, fuskarsa ta zurma, yana kiran uwarsa. Majo ya aika neman mota, ba a samu mai tafiya arewa ba sai kusan azahar. Aka shimfiɗa shi bisa buhuna a bayan kamyo, babbar motar kaya. Bai kai Doso ba. Baba Sanda bai ɗora tukunya a ranar ba sai da aka je aka tashe shi daga inda ya zauna. Daga nan Majo ya ce duk sadakar da ta zo a kai ta rumfa, kada wanda ya miƙa wa mai ciwo ko ƙwayar dabino.

Madan ta ga an fita da Bakari, ta ji dalili, amma yunwa ba ta bar ta ta ji tsoro ba. Ni na ji mana mu biyu. Tun asuba take fara roƙo.

"Rabi, loma ɗaya. Burodi kawai, ki jiƙa shi."

"Majo bai ce ba, Madan."

"Majo ya ci ya ƙoshi. Ke ma kina ci."

"Azumi nake. Ke kina shan kunu sau nawa, ni ko ruwa ban sha ba."

"Ke da yamma za ki ci. Ni yaushe?"

Ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta miƙa mini a kan kifi guda. Da na ƙi, ta miƙa wa matar gado na kusa, sai da na roƙi matar da girman Allah. Ta zage ni da Hausa, ta zage ni da yarensu. Ta ce mijina ya haɗa baki da gwamnati a kashe ta da yunwa. Ta ce da ta sani da ta bar ni na haihu ni kaɗai. Wannan ta yi mini zafi, na fita bayan ɗaki na share hawaye na dawo na ci gaba da ba ta kunu. Duk motsin bakinta sai gabana ya faɗi, in sa yatsa in duba ko wani abu take taunawa. In ta ce wash ta dafe ciki, sai in ga fuskar Bakari.

Wata rana da tsakar rana na fita ba Garba nono. Da na dawo gadon ba kowa. Na zaga baya, sai ga ta tana rarrafe a ƙasa, ta kusa rumfar Baba Sanda, ƙamshin shinkafa da wake ya ja ta. Tsohon ya sauke tukunyar ya kife faranti a kai, ya zauna bisa farantin ya juya mata baya. Tana cewa, "Baba, don Allah, Baba," shi kuma yana kallon katanga, kafaɗunsa na motsi. Na ɗauke ta kamar yarinya, ba ta fi nauyin damin kara ba.

A hankali Majo ya yarda a ƙara kaurin kunun, sannan ruwan romon kifi da aka tace, ba ƙaya ba barkono. Ta fara tsayawa tana dafa bango. Majo ya hana ta fitowa baranda, duk lokacin da jandarma ya leƙo sai ya ce ba ta tashi ba tukuna. Ya ja abin iyakar ƙarfinsa har bayan salla. Wata rana aka gan ta tsaye a taga, aka ce gobe za ta tafi. An aika wa na ƙetare, domin Mushe ya ƙi wucewa kudu, yana nan Malanbil, garin da ke hayin gada, da yaran yana jira.

Majo ya ce mata, "Sauran mako uku kafin ki ci abu mai tauri. Ki gaya wa mijinki." Ta ce to. Amma a amalanke, muna gangarawa gada, ta dube ni tana murmushi ta ce, "Ina hayewa, kifi da manja. Da garin rogo. Ba Majo ba Rabi."

"Madan, ki rantse mini ba za ki yi ba."

"Na rantse," in ji ta, tana dariya.

Na san ba za ta gaya masa ba. Na san kuma abin da mutane ke yi in nasu ya dawo daga bakin mutuwa: yanka za su yi, su cika mata kwano.

A bakin gada aka tsayar da mu a sandar ƙarfen da ke tare hanya. Daga nan ita kaɗai za ta bi. Na rataya mata goran kunu a wuya, jandarman ya buɗe ya sunsuna ya bari. Na roƙe shi in raka ta ko rabi ne, in yi wa mijinta magana guda, ya ce ba shi da wannan iko. Ta rungume ni, ƙasusuwanta na taɓa ni, ta kama ƙarfen gefe ta fara tafiya taku-taku. Gulbi ya cika, ruwa na gudu a ƙarƙashinta. Can nesa na hango wani da farar riga ya matso iyakar inda aka bar shi, na gane tsayin Mushe ne.

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, na haɗa hannu a baki na ƙwala da iyakar ƙarfina, "Mushe, kunu kawai! Mako uku! Kada a ba ta abinci!" Na maimaita har muryata ta dushe. Sojoji na dariya, maigidana na jan mayafina. Mai farar rigar ya ɗaga hannu. Ban sani ba ko ya ji ne, ko gaisuwa yake.

Watanni suka wuce ba labari. Ina cikin daka sai in tsaya, in ga kamar ana ɗora Madan bisa buhuna. Maigidana ya ce mun sauke namu nauyin, saura na Allah. Ni ban ji na sauke ba.

Da aka buɗe gada mutane suka koma cin kasuwar Malanbil, na matsa sai da maigidana ya tafi da ni. Na yi ta tambaya rumfa-rumfa, har aka nuna mini gidan wata Badanda, 'yar ƙabilar wurin, mai sayar da manja, inda malamin lakwal ya taɓa sauka da iyalinsa. Na yi sallama, muka gaisa, na ce ina neman labarin wata Madan Sesil.

Matar ta taɓe baki. "Matar mugun mutumin nan? Sun daɗe da wucewa kudu. Ni dai ban taɓa ganin miji irinsa ba. Baiwar Allah ta zo kamar tsinke, muka ji tausayi, na soya mata kifi da hannuna. Ya karɓe ya ba yara. Kowa ya kawo abu sai ya tare a ƙofa. Mako uku cur, kunu, kunu, kunu. Tana kuka tana jifansa da kwano, har cizonsa ta yi a hannu. In an yi masa magana sai ya ce wai wata Bahausa ce ta yi masa ihu a kan gada."

Na zauna bisa turmin da ke wurin. "Da ƙafarta ta tafi?"

"Da ƙafarta mana. Ranar da ya ƙyale ta, kaza guda ta cinye ita kaɗai, ta hau mota tana yi masa faɗa." Ta dube ni da kyau. "Ke lafiya? 'Yar'uwarki ce?"

Na ce maƙwabciyata ce.

Ban sake ganin Madan ba. Majo da Baba Sanda da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya saka musu, ya ji ƙan Bakari da ya mutu a ƙasar da ba tasa ba. Wanda duk Allah ya ɗora wa jinyar mai wannan ciwo, in zafi ya sauka ya fara roƙon abinci, ya je ya tambayi likita kafin ya buɗe tukunya. In kuma akwai baƙo a gado na kusa da ba mai zama a kansa, a duba abin da ke cikin kwanonsa.